Gwaggo Ba Ta Ga Ka'aba Ba

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, Gwaggo kuwa ta riga mu komawa. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, farkon damina, a ɗakinta da ke gidanmu nan Argungu, kanta bisa cinyata. Gwaggo yayar mahaifina ce, ciki ɗaya. Tun da mahaifina ya rasu ta dawo hannuna, ni ke dama mata fura, ni ke yanke mata farce. Ba ta bar ɗa a ƙasar nan ba, ba ta bar jika ba. In ban rubuta labarinta ba babu mai rubutawa, in ma wani ya rubuta to ƙarya zai rubuta, irin wadda aka zo aka yi ta zuba mini a tsakar gida har kwana bakwai. Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, amma kunnena ƙalau yake, kuma abin da ya ji shi zan faɗa.

Kafin a gama yi mata wanka gida ya cika. Mutanen Augie sun zo, na Ambursa sun zo bisa babura, sai ga motoci biyu daga Birnin Kebbi ɗauke da iyalan Baba Malam. Baba Malam ɗan baffan Gwaggo ne, ƙanin mahaifinta ya haife shi. Gidansu gidan ilimi ne, duk ƙasar nan an san shi, an kuma san ɗakin littattafan da mahaifinsa ya bari, waɗanda ya zo da su daga Gabas.

Matar Baba Malam ce ta fara, tun ba ta cire takalmi ba.

"Allahu akbar, Hajiya ta tahi. Shekara ashirin mutum na kallon Ka'aba sahe da marece. Wa ka samun wanga rabo?"

Wata tsohuwa 'yar Augie ta karɓe. "Jikin da yas sha zamzam awa ruwan tulu, ina wuta za ta gan shi? Ga tawali'u. Ka ce mata Hajiya, ta yi awa ba da ita kake ba."

Ungozomar unguwarmu kuwa matsowa ta yi har gwiwarta na taɓa tawa, ta rage murya. "Ɗiyata, Allah shi ba ku haƙuri. Ni dai layar nan. Hannun wa za ta koma? Masu ciki ukku ag garemu, duk sun shiga watansu."

Gawa na ɗaki, ko likkafani ba a sa mata ba, ana tambayar laya.

Na ja turmi na hau dakan gumbar sadaka, ina dukan gero kamar shi ya yi mini laifi. Ni kaɗai a gidan nan na san Gwaggo ba ta taɓa ganin Ka'aba ba, ko daga nesa. Maganarta ta ƙarshe da safen nan, tana riƙe da hannuna, ita ce: "A yi mani hajji. Ki hwaɗa musu ban yi ba. Kada ki ji kunya awa ni."

To wa zai yi wa mutum aikin hajji alhali duniya duka ta yarda ya yi sau ashirin? Abin da Gwaggo ta bar mini ke nan. Ba gona ba, ba kwalla ba.

Duk wanda ya zauna da ita ya san ba ta cin dabino. Ko da azumi, kowa na buɗe baki da shi, ita sai ruwa da ɗan kunun tsamiya. Alhazai su dawo su aiko da tsaraba, a ce wannan na Hajiya ne ta tuna gida, sai ta ture ƙullin da bayan hannu ta ce, "Ba yara. Na ci nawa, na ci na jikokin da ban da su." Mutane su yi dariya, su ce ta ƙoshi da na Madina.

Ba ta shiga jirgin ruwa, a garin da mace ke faɗawa kwalekwale ta je barkar haihuwa kamar ta tsallake kwata. Ranar da gari duka ya zuba bakin gulbi kallon bikin kamun kifi, ita sai ta ja ƙyaurenta ta zauna tsinkar zogale. Maigidana ɗan masunta ne, bakinsa ba ya shiru, yakan tsokane ta.

"Gwaggo, ke da kin ƙetare Bahar Maliya, ɗan gulbinmu ka ba ki tsoro?"

"Kai kihi kake kamawa cikin ruwanka. Ruwan da ni na sani, mutane ake kamawa ciki."

Sai ya kwashe da dariya, a zatonsa aljanun ruwa take nufi.

Yara kuwa, ban ga mai son su kamarta ba. Ta rungume jariri a ƙirji ta yini da shi, ya yi mata fitsari ta ce turare ne. Amma a ce bari a ɗora mata shi a baya ta goya, sai fuskarta ta rufe kamar hadari, ta miƙo shi ta shige ɗaki.

Sai layar. Baƙar fata ce, faɗinta kamar tafin hannu, tana rataye a wuyanta ƙarƙashin riga. Wanda ya fara cewa layar naƙuda ce daga Makka ban san shi ba, na dai tashi na tarar ana aronta. Mace ta daɗe bisa gwiwa, sai a rugo gun Gwaggo. Ba ta ba da ita saƙo. Da kanta take zuwa, ta ɗaura wa mai naƙuda a damtse, ta zauna ta riƙe mata hannu har a ji kukan jariri, sannan ta kwance abarta ta koma gida, ko goro ba ta karɓa. Ni ma da ita na haifi ɗiyata ta fari bayan na kwana biyu ina fama. Abin da na riƙe daga ranar ba layar ba ce, hannunta ne, da abin da take ta faɗa mini a kunne: "Riƙe ni. Kada ki saki. Komi za a yi kada ki saki."

Kowa kuma ya san ba a farke laya, in an buɗe ta ta lalace. Shi ya sa a dangin da maza ke karanta Larabci kamar shan ruwa, ba wanda ya taɓa ganin abin da ke cikinta.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da Gwaggo, kuma ni na jawo shi. Wata shekara ta yi ciwo ta rame, wata maƙwabciya ta ce in daka dabino in zuba mata cikin fura, yana sa ƙarfi, ba za ta gane ba. Na yi. Kurɓa ɗaya ta yi ta furzar, ta yi jifa da ƙwaryar har ta tsage a bango.

"Ke ma? Ke ma za ki cusa mani shi?"

Raina ya ɓaci, ga aiki ga goyo. Na ce, "Haba Gwaggo! Ke da kika zauna garin Annabi, mi dabino yay yi maki?"

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Ran na huɗu ina gumin shinkafa, na sauke tukunya ina baza ta bisa tabarma tana tururi, sai ga ta da sandarta. Ta zauna bisa kifaffen turmi, ta ce in kori kaji in zauna. Da ta fara, ba ni take kallo ba, shinkafar take kallo.

Tana 'yar shekara tara ko goma iyayenta suka ɗauki hanyar Gabas a ƙasa, ba a daɗe da zuwan Turawa ba, lokacin da mutane da yawa ke tashi. Aka bar mahaifina gun kaka don bai daɗe da yaye ba. Su huɗu suka bi ayari: uba, uwa, ita, da baffanta. Uwar ta rasu tun ba su shiga ƙasar Sudan ba. Uban ya rasu bakin teku suna jiran jirgi. Baffa ya ƙetare da ita Jidda. Daga nan zuwa Makka, in ji ta, tafiyar kwana biyu ce bisa raƙumi, har an ɗinka mata farin mayafi.

"Yac ce in zauna gidan wani Balarabe, za shi kasuwa shi dawo. Yas saya mani alewa. Ɗiyata, har yau bai dawo daga kasuwag ga ba."

Aka sa ta cikin jirgin katako irin wanda iska ke turawa, ita da wasu 'yan mata da ba ta jin yarensu. A lokacin Ingilishi na da jiragen yaƙi a tekun suna tare masu fataucin bayi, domin sarkinsu ya matsa wa sarkin Farisa da sarakunan bakin teku sun sa hannu a takarda cewa an daina shigo da bayi ta ruwa. Masu jirgi sun san da wannan, sun kuma san maganinsa. Da aka hango hayaƙin jirgin Turawa, sai aka lulluɓe 'yan matan da baƙaƙen mayafai, aka jera su zaune a matsayin matan mai jirgi da ɗiyansa, don an san Bature ba zai ɗaga lulluɓin matar Musulmi ba. Don kada wata ta yi ihu, aka cika wa kowacce baki da dabino, aka danna har maƙogwaro.

"Na ga takalmin Baturen ta ƙasan mayahi. Hwari tas. Ya tsaya gabana awa daga nan zuwa tukunyar can. Yad duba takardar mai jirgi, anka ba shi gahawa yas sha, yay yi godiya, yas sauka. Ni ko ina ta haɗiyar yawu mai zaƙi."

Na dubi tabon fura a bango, na rasa inda zan sa kaina.

Wani gari na bakin teku a ƙasar Farisa aka kai ta, ita dai Bandar take ce masa. Wani attajiri mai gonakin dabino ya saye ta. Ta yi ɗiban ruwa, ta yi tsinkar dabino da danna shi cikin buhunan kaba, ta girma, maigidan ya mai da ita ta ɗaki ba wanda ya tambaye ta, ta haifi ɗa namiji.

A garin akwai gidan wakilin Ingilishi, da dogon sandan tuta a ƙofarsa. Bayi duka sun san al'adar wurin: in bawa ya kai ga sandan ya rungume shi, ba mai ikon janye shi sai Bature ya fito ya ji ta bakinsa. In ya saki kafin nan, ya koma hannun mai shi. Shekaru tana hangen tutar daga bakin rijiya. Ranar da ta ji maigidan zai ba wani ɗan'uwansa ita can cikin duwatsu ya riƙe yaron, ta goya abinta da rana tsaka gari na barcin zafi, ta ajiye tulu, ta zuba da gudu.

Ta kai. Ta rungume sandan da hannu biyu. Bature na barcin rana, masu gadi suka ce ba a tashinsa. Barorin maigida suka iso. Ba su taɓa hannunta ba, sun san doka. Majanyi kawai suka kwance.

"Ina jin hannunsu bayana. Yaro ya riƙe mani gashi. In na saki sanda in tare shi, sun tahi da mu duka biyu, gobe a raba mu. Nac ce in riƙe, Bature shi hito shi amso mani shi. Na riƙe. Sai da sunka ɓamɓare yatsunshi daga kaina ɗaya ɗaya. Masu gadi na tsaye."

Da la'asar Bature ya fito. Ta bakin tafinta ya yi ta tambaya: ta ruwa aka kawo ki? Daga ina? Kina shekara nawa? Aka ajiye ta bayan gidan wakili kwana da kwanaki, wasiƙu na kai da komo tsakaninsa da hakimin garin, ana aika wa juna gaisuwar girma. Ƙarshe aka ba ta takarda mai hatimi da rubutu iri uku, cewa ita 'ya ce, ba mai iko da ita. Ta ce ɗana fa? Tafinta ya ce alkawarin sarakuna a kan waɗanda aka kawo ta ruwa aka yi shi. Yaro a tudu aka haife shi, kuma yana da uba, wakili ba zai ɓata da hakimi a kan yaro ɗaya ba.

"Sunka raba ruwa da tudu, ɗana ya hwaɗa wajen tudu."

Ina jin masu karatu a rediyo suna cewa Turawa suka hana cinikin bayi. Ban ce ba su hana ba. Takardarsu ce ta dawo mana da Gwaggo. Amma ni Turawa biyu na sani a cikin labarin nan, ɗaya ya sha gahawa, ɗaya na barci.

Jirgin Ingilishi ya sauke ta gaɓar Sudan. Ta roƙi a bi da ita Jidda, aka ce ba hanyar jirgin ba ce. Ta yi shekaru tana tsinkar auduga a can. A nan wani baduku ya ɗinke mata takardar cikin fata don kada ruwa ko gara su ci ta, domin tana tsoron wani ya sake tare ta a hanya ya ce tasa ce. Layar ke nan. Daga baya ta biyo ayarin alhazai masu komowa gida.

Baffanta kuwa ya daɗe da dawowa, da akwatunan littattafai, ya zauna Birnin Kebbi ya zama babban malami. Ya gaya wa dangi ya aurar da ita ga wani malami a Makka, tana zaune daf da Harami. Ranar da ta iso Argungu aka aika masa, ya zo da jama'arsa. Tana tsakar gida ƙafafunta duk a fashe, ya tsaya daga zaure ya ɗaga murya har maƙwabta na ji: "Maraba da Hajiya! Maraba da maƙwabciyar ɗakin Allah!" Mata suka ɗau guɗa, aka yi ta shafa zanenta ana shafawa a fuska.

"Ya riga ni magana, ɗiyata. In buɗe baki in ce mi? In ce malamin da gari ka bi salla ya sai da ɗiyar wanshi? In ce ni baiwa ta, ga ubanki na neman aure? Sai na sake haɗiyewa."

Ta yi aure sau ɗaya a Augie, ba ta sake haihuwa ba, mijin ya rasu ta dawo. In biki ko rasuwa ta kai ta Birnin Kebbi tana zuwa, amma ba ta taɓa taka ɗakin littattafan ba. Baba Malam ya taɓa cewa ta shigo ta sa musu albarka. Ta tsaya bakin ƙofa ta leƙa, ta ce, "Ni da su mun san juna tun Jidda." Ya ɗauka yabo ne, har yana maimaita wa baƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Da jirgin sama ya zo, gidan Birni kowace shekara sai sun tura mutum hajji. Mahaifina bai san komai ba, ya dai lura duk ranar rakiyar alhazai yayarsa ba ta cin abinci, sai ya je ya roƙi Baba Malam a sa ta. A gabana ya dawo da amsa: "Hajiya? Wadda tay yi ashirin? A bar waɗanda ba su tahi ba su tahi mana." Gwaggo na tankaɗe, ta ce, "Gaskiyarshi," ta ci gaba da tankaɗenta. Sai ranar gumin shinkafar nan na gane abin da aka yi a gabana.

Na ce mata mu je Birni mu faɗa. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba sai bayan ranta. Na yi shiru, kuma ina jin haushin kaina da na yi. Mu abin da fadama ke ba mu bai wuce ci ba, maigidana ko nasa hajjin bai yi ba, balle ya yi na wani. Baba Malam kuwa ya je ya sake komawa, kuma bana ma yana shiri.

Ranar sadakar bakwai, da aka shafa addu'a a ƙofar gida, Baba Malam ya shigo gaida matan gida. Aka kawo masa kujera, tsofaffi duk suna zaune.

"Ɗiyata, kin yi ƙoƙari, Allah shi saka maki. Sai maganar layar Hajiya. Abu na mai daraja, bai kamata shi yi ta yawo ɗakunan jego ba. Ki kawo ta a aje ɗakin littattahai, wurin kayan mahaihina. Wuri ɗaya sunka hito."

"Wuri ɗaya kam, Baba. Karanta muna ita tukuna."

"Ba a buɗe laya."

Reza na ƙulle a haɓar zanena tun safe. Na ciro layar daga wuyana na bi ɗinkin. Mata suka ɗau salati. Ungozoma ta dafe kai, "Wayyo, ta kashe ta! Ta kashe muna ita!"

Takardar ta yi ja kamar ganyen da ya bushe, ga hoton tutar Ingilishi a samanta, ga hatimi a ƙasa. Na ɗora ta bisa faifai, na durƙusa na ajiye gabansa da hannu biyu, don ba a ce ban da ladabi ba. Ya sa tabarau. Da yake bakinsa ya saba, sai ya fara a bayyane kamar yana ba da karatu, ya ja Larabci ya fassara. Ya faɗi sunanta, ya faɗi sunan mahaifinta. Ya kai inda aka ce an 'yanta ta daga bauta, sai murya ta ɗauke. Leɓɓansa suka ci gaba su kaɗai. Na ga yatsansa ya tsaya bisa sunan garin, ya gangara ya tsaya bisa shekara.

"Ci gaba, Baba. Mu jahilai na, sai an hwassara muna."

Matarsa ta ce, "Malam, mi tac ce?"

Ya cire tabarau. "A ruhe asirin mamaci."

"Wane mamaci, Baba? Naka ko tawa? Naka an ruhe mashi tun ban zo duniya ba, kuma da zanen tawa anka ruhe shi."

Tun da nake ban taɓa tsayawa a gaban babba ina magana ba. Ranar na miƙe tsaye. Na faɗi kasuwa da alewa, na faɗi dabino da farin takalmi, na faɗi sandan tuta da majanyi. Na ji tarin maigidana daga zaure, na jira ya ce in yi shiru, bai ce ba. Tsohuwar Augie ta ja mayafi ta rufe fuska. Ungozoma ta sauke hannu daga ka, a hankali ta ce, "Shi ya sa ba ta goyo."

"Mahaihina ba shi nan balle shi kare kanshi," in ji Baba Malam.

"Ita ma ba ta nan. Takarda na nan."

"To mi kike so?"

"Ba ni ka so ba, ita ta. Tac ce a yi mata hajji. Ka yi naka, ka yi na mahaihinka, ka yi na mahaihiyarka, bana ma za ka. Kwana biyu yar rage mata ta kai, Baba. Ka kai ta."

Ya miƙa hannu zai naɗe takardar, na riga shi ɗauke faifan. Ya tashi bai yi sallama ba. Motocin Birni suka tafi ba a ko raba waina ba.

Watannin da suka biyo ba daɗi. Aka ce na tozarta matattu biyu rana ɗaya. Aka ce macen da ba ta sauke ko izu goma ba ta tsaya gaban malami tana zazzare ido. Wata surukarmu ta Ambursa ta daina aiko mini gaisuwa. Wasu kuma, waɗanda suka shafa zanen Gwaggo a fuska, suka koma raɗa, wai ashe baiwa ce. Su na fi jin haushi. Jiya hannunta ya fid da ɗiyanku daga ciki, yau kun tuna da asali?

Tun wata bai cika ba ungozoma ta faɗo gidana wata rana da azahar, ɗaya daga cikin masu cikin nan ta galabaita. Na ce ai kin ce na kashe laya. Ta ce, "Ke dai taho." Ni da ba na leƙa ko ƙofar gida, na yafa mayafi na bi ta. Ban ɗauki komai ba. Na zauna na kama hannun yarinyar na ce ta riƙe ni, kada ta saki. Kafin la'asar aka ji kuka.

Alhazai suka tashi, ban ji komai daga Birni ba. Suka dawo, ban ji ba. Sai wata Laraba da marece, shinkafa ta fara nuna, mota ta tsaya ƙofar gidanmu. Baba Malam ne da kansa, ya rame, yana tarin nan na alhazai. Bai shigo ba, ya tsaya daga zaure ya sa aka kira ni. Na durƙusa bakin ƙofa na yi masa barka da sauka.

Ya sunkuyo, muryarsa ƙasa ƙasa. "An yi. Da sunanta da sunan ubanta nay yi niyya."

"Ban ji ba, Baba."

Ya dube ni.

"Ran da mahaihinka yac ce maraba da Hajiya, har maƙwabta sun ji."

Ya waiwaya. Maigidana na gefe da komarsa ta kamun kifi yana gyara, mata biyu na dawowa daga rijiya sun rage tafiya. Na ce zai juya ya shiga mota. Sai ya gyara murya, irin wadda yake ja wa mutane salla da ita.

"Na yi ma ɗiyar baffana hajji, don ba ta yi ba. An hana ta. Allah shi gafarta muna."

Wanda ya hana ta bai faɗa ba. Na lura, kuma shi ya sa na faɗa a nan.

Direba ya ajiye ƙullin tsaraba gabana, irin wanda matarsa ke ɗaura wa kowane gida. Na kwance. Ga zamzam, ga carbi, ga dabino. Na ɗauki zamzam da carbi, na ƙulle sauran na miƙa wa direba ya mai da shi mota.

Takardar na cikin kwallata, ban sake ɗinke ta ba. Duk mai son gani ya zo, zan shimfiɗa masa tabarma.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya karɓi hajjin da ya iso mata a makare. Baffanta, da mai shan gahawa, da mai barcin rana, ba ni aka yi wa ba balle in yafe, suna can tare da ita gaban wanda ba a riga shi magana. Abu ɗaya ya rage wanda ba malamin da zai iya yi mata. In yana raye, akwai wani tsoho can ƙasar Farisa da bai san ya taɓa riƙe gashin wata mata ba. Allah ya mayar mata da shi bayanta, a inda ba a tambayar ko ta ruwa mutum ya zo ko ta tudu.